Zaman Jira A Ɗakin Jinka

 Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, babu Alhaji mai mota, babu budurwa mai gashi har gadon baya. Wata tambaya ce ta daɗe tana ci mini rai, na ce bari in sauke ta a takarda ko na huta. Me ke mayar da ɗaki ya zama gida? Sannan wannan wadatar zuci da muke ta yi wa juna nasiha da ita, halin kirki ce da gaske, ko kuwa suna ne mai daɗi da aka raɗa wa talauci don mai shi ya yi shiru?

Ba a bakin kowa na tsinci tambayar ba, a jikina na ji ta.

A farkon shekarar 2016 gobara ta cinye shagon maigidana ƙurmus, da kayansa da na mutane da ya karɓo bashi. Shekarar ce kuma Naira ta faɗi, komai ya yi tsada, wanda za ka je wa da kuka shi ma kukan yake yi. Kafin wata uku kuɗin haya ya ƙare, masu bin bashi kuwa tun asuba suke sallama. Ni da kaina, babu wanda ya tilasta ni, na kira dillaliya ta kwashe gadona da kujeru da firji da kabad ɗin da aka jera mini tangaran a ciki. Kin dai sani, a al'adarmu kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata, miji ba shi da ko cokali a ciki. Hajiyarmu shekara huɗu ta yi tana zubin adashe kafin ta haɗa su. Ranar da labari ya kai mata ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "To, Allah ya sa hakan shi ne alheri," ta juya ta ci gaba da tankaɗenta.

Abin da ya rage wa maigidan shi ne gonar gado a ƙasar Bichi, a wata 'yar unguwar manoma da ba ta fi gida bakwai ba, inda Gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, take zaune. A cikin gidan akwai ɗakin kakansa da ya daɗe a rufe, nan aka ce za mu sauka. Muka isa ana gab da faɗuwar damina, ni da shi da 'yarmu Ummi mai shekara biyu, da akwati ɗaya, da katifa a naɗe, da tukwane biyu.

Ɗakin zagayayye ne, ginin ƙasa, rufin jinka. Idan na tsaya a tsakiya na yi taku uku ko'ina na nufa sai in taɓa bango. Ƙofar gajera ce, sai ka sunkuya. Babu taga sai wata 'yar kafa da bai fi a zura hannu ba. Ƙasan duk ya farfashe, gara ta yi hanyoyinta a jikin bango, sama kuwa yanar gizo da baƙin hayaƙin shekaru. Na tsaya a dokin ƙofa na ce a raina, nan kaji ma sai an lallashe su.

To ga abin da na yi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Na ajiye akwatina a bayan ƙyaure, na ƙi kwance shi. Idan ina son zane sai in buɗe in zaro, in na wanke ya bushe in ninke in mayar in rufe. Ko ƙusa ban yarda an kafa mini a bango ba. Ina shara, ina girki, ina wanke-wanke, ba wanda zai ce ban yi aikina ba, amma duk irin na wadda ta zo jinya asibiti ne, tana jiran a sallame ta. A ganina duk ranar da na fito da kayan nan na jera su, to na sa hannu ke nan a takarda cewa na yarda nan ne wurina. Wata shida cur na yi a haka. Maigidan yana gani bai taɓa cewa uffan ba, don shi ma kunya ce ta ishe shi. Sai ya dawo daga gona ya zauna a waje har dare ya raba, ɗakin ya zama wurin da mu biyun duk muke gudu.

Ana cikin haka, a tsakiyar damina, autanmu da ke karatun Turanci a jami'a ya kawo mini ziyara. Ya zagaya ya duba, ya shaƙi iska, sai ya ce, "Yaya, ai irin wannan zaman naki Turawa littafi guda suke rubutawa a kansa." Daga nan ya kwashe labarin wani Ba'amurke ya ba ni, Henry David Thoreau, wanda shi yake kira Toro. Na ce Toro kuma, na agwagwa ko na kuɗin da? Bai kula ni ba ya ci gaba. Wai mutumin ya gama jami'ar Harvard, amma ya bar garinsu Konkod da ke jihar Masachuset ya tafi bakin wani tafki mai suna Walden, ya gina 'yar bukkar katako da hannunsa, faɗinta ƙafa 10, tsawonta ƙafa 15. Duk abin da ya kashe dala 28 ne da 'yan canji. Ya tare a cikinta ranar 4 ga watan Yuli na 1845, ranar da Amurka ke bikin samun 'yancin kai. Kayan ɗakinsa gado, tebur, abin rubutu da kujeru uku. Yana noma wake, yana kamun kifi, yana rubutu. Daga baya, a 1854, ya fitar da littafi mai sunan tafkin, wanda har yau ake karantawa a duniya, yana nuna wa mutane cewa yawancin abin da suke kashe kansu wurin nema ba sa bukatarsa.

Ina tsugune gaban murhu ina fama da ɗanyen ice, idona yana zubar da ruwa, na ce masa, "Auta, matarsa fa?" Ya ce bai taɓa aure ba. "'Ya'ya fa?" Babu. "Filin na wa ne?" Na abokinsa ne, wani babban marubuci, Emerson. "Garinsu da nisa?" Ya ɗan sosa ƙeya ya ce bai kai mil biyu ba, kuma yakan shiga gari a kai a kai, har gidan mahaifiyarsa yana zuwa cin abinci. "Ya mutu a bukkar?" A'a, shekara biyu da wata biyu da kwana biyu ya yi, a watan Satumba na 1847 ya tattara ya koma gari. Na ce to tashi ka ba ni wuri. Mutumin da ya shiga rami da tsaninsa a hannu shi ne zai koya wa wanda ya faɗa ciki yadda ake zama?

Wani abu da Auta ya faɗa a cikin labarin shi ya fi tsaya mini. Katakon da Toro ya yi bangon bukkarsa da shi ba sabo ba ne. Tsohuwar bukkar wani lebura ce, mutumin ƙasar Ailan da ke aikin shimfiɗa layin dogo a wajen, ya saya dala 4 da kwata ya warware. Da sassafe leburan ya fice da matarsa da ɗansu, duk abin da suka mallaka a ƙunshi ɗaya. Ki duba fa, katako ɗaya ne. A kan leburan sunansa talauci, da ya koma hannun ɗan boko sai ya zama hikima. Shi leburan ba wanda ya tambaye shi ko ya ji daɗin rayuwa mai sauƙi. A wannan rana na san a sahun wa nake, kuma ba sahun mai littafin ba ne.

Na so a ce maganar ta ƙare a nan, da na fito da gaskiyata. Amma Gwaggo ta ɓata mini lissafi.

Bayan an gama yankan gero, wata safiya ta shigo ɗakin da sandarta ta zauna a kan akwatin nan nawa, kamar da gangan. Ta daɗe tana kallon bango, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, in tambaye ki mana. Baƙuwa ce ke ko matar gida? In baƙuwa ce faɗa mini, in riƙa aiko miki da ruwan wanka da tuwo, don mu ba ma barin baƙo ya yi aiki." Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, ai ba daɗewa za mu yi ba." Ta ce, "Ni ma haka na ce ranar da aka kawo ni garin nan, yau haƙorina biyu. To ko gobe za ki tafi, yau ɗin a ina za ki kwana? Ita wannan yarinyar da ke rarrafe a cikin turɓaya, ƙuruciyarta za ta tsaya ta jira ki ne har ki koma birni?" Ta dafa sanda ta miƙe, daga bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Jibi za a yi miki daɓe. Ki jiƙa gero."

Ni haihuwar birni ce, a kan siminti na tashi, daɓe a waƙa kawai na san shi. Bari in gaya miki yadda ake yi, don na ga yanzu ko a ƙauyen ma ya soma ɓacewa. Maza suka fara baje ƙasan ɗakin suka daidaita, aka zubo tsakuwar marmara aka shimfiɗa, aka yayyafa ruwa aka bari ya kwana. Gwaggo kuma ta jiƙa makuba a tsohuwar tukunya. Makuba ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne. Itacen nan ba abin yarwa a jikinsa: garinsa a sha, kalwarsa a yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi ya ba da wani ruwa ja mai duhu wanda ke kama ƙasa ya hana ruwa cin ta. Da hantsi mata suka cika gidan, kowacce da madaɓinta, wani guntun ice mai faɗin ciki da mariƙi. Suka durƙusa a jere suna duka tare, ɗaya tana ba da waƙa sauran suna amsawa, ana yayyafa ruwan makuba ana ƙara duka, har tsakuwar ta nutse ƙasa ta haɗe ta soma sheƙi. Waƙoƙin kuwa duk habaici ne, ba kishiyar da ba a taɓa ba, ba mijin rowar da ya tsira, har ni 'yar birni mai tsoron kunama sai da aka saka a ciki.

Da farko ina gefe ina dama kunu. Sai wata ta miƙo mini madaɓi ta ce, "Matar gida ba ta kallo." Na durƙusa. Kafin azahar tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, bayana kamar zai karye. Amma akwai wani ɓangare daga gabas, kusa da inda muka sa katifa, wanda ni na dake shi da hannuna, kuma har muka bar ɗakin ina gane wurin, don ya ɗan fi sauran kwari saboda rashin iyawata.

Da daɓen ya bushe sai bangon ya zama abin kunya. Na kwaɓa ƙasa na lilliƙe tsagogin, na kankare hanyoyin gara, na shafa farar ƙasa. Da bango ya yi fari sai jinkar ta tona kanta. A hunturu maigidan da samarin unguwa suka yanko ciyawa suka yanta, suka ɗaura sabuwar jinka a ƙasa, sannan aka yi gayya aka ɗaga ta aka ɗora. Ranar na ga karin maganar nan da idona, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don sai da maza fiye da goma suka sa kafaɗa. A jikin bango na gano wani ɗan rami, Gwaggo ta ce alkuki ne, wurin da kakan yake ajiye fitilarsa, na share shi na mayar da tawa. Na rataya ragaya na ɗora ƙwaryar nono. Na saƙala asabari a ƙofa. Gwaggo ta ba ni randa, na girka ta a kan yashi daga bayan ƙyaure, na ɗora faifai da moɗa. Na kafa reshen zogale a bakin ƙofa, bai yi wata biyu ba ya yi ganye. Wata rana da la'asar na sa garwashi a kasko na barbaɗa sauran turaren wutar da na zo da shi daga birni, wanda na yi ta ɓoyo wai sai mun koma. Maigidan ya dawo, ya sunkuyo zai shigo, ya tsaya. Bai ce komai ba, amma daga ranar a ɗaki yake cin tuwonsa.

Akwatin kuwa ban ma san ranar da na kwance shi ba. Na dai farga ya zama teburin da nake rubutu a kai.

Ki lissafa duk abin da na ambata, ba na jin ya kai kuɗin labule ɗaya na ɗakina na birni. Amma wancan ɗakin, in faɗi gaskiya, ban taɓa saninsa ba. 'Yan jere ne suka zo suka tsara shi tun kafin a kai ni, na shiga kamar mai gadi, kullum ina goge kayan da ba a amfani da su, ina hana yara taɓawa. Akwai kwanukan da har dillaliya ta ɗauke su takardar kamfani tana manne a gindinsu. Shi kuwa wannan, na san kowane tsagi nasa. Na san bangon ƙasa yana shanye zafin rana da yini ya sako shi da dare, shi ya sa da bazara cikinsa ya fi ɗakin kwano sanyi, da ɗari kuma ya fi shi ɗumi. Na san randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafo da shi ta jikinta iska tana busarwa, don haka ba a son mai sulɓin fenti. Na san kusurwar da ke fara ɗiga idan ruwa ya zo daga gabas da iska. Ashe da Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo ba ƙorafi kaɗai yake yi ba, yana faɗin yadda ake gane mai ɗaki ne.

A nan ne dole na sassauta wa Toro. Duk da tsaninsa, akwai abin da ya gane. Gatari ya aro ya sare itatuwansa da kansa, da aka zo ɗaga ginshiƙai ya kira abokai suka kama masa, kafin sanyi ya shigo ya gina wurin hura wuta da tsofaffin bulo ya yi wa bango yaɓe. Wanda ya yi wannan ba zaman jira yake ba, ko da ya san zai tashi. Sannan mutum ne mai lissafi. Auta ya ce ya gano aikin mako shida a shekara yana isar sa ci da sha. Ni ban isa in yi wannan alfahari ba, mai iyali ba ya yin sa, amma lissafin ya shige ni. Na zauna na ce, shekara huɗu na adashen Hajiyarmu, kwana nawa ke nan na tsayuwa gaban kaskon suya tun duhun asuba? Da ranta ta sayi kabad ɗin nan ba da Naira ba, kuma don me? Don mata su shigo ranar buɗar kai su ce an yi ƙoƙari.

Laifin nan har da mu marubuta a ciki, ba zan cire kaina ba. Idan zan kai amarya ɗaki a labari sai in ɓata shafi uku ina lissafa kafet mai nutsar da ƙafa da gado ɗan Dubai da labule bakwai. Yarinya tana zaune a zauren gidan haya tana karantawa, ta ɗaga kai ta dubi ɗakin uwarta ta ji ta tsane shi. Ban taɓa rubuta jarumar da ta yi farin ciki a kan tabarma ba, sai dai ta sha wuya a kai kafin mai kuɗi ya zo ya ɗauke ta. Mu muka koya wa 'yan mata cewa ƙaramin ɗaki tasha ce.

To amma kada ki yi saurin cewa na zama mai wa'azin komawa ƙauye. Saurara ki ji sauran.

A damina ta biyu, cikin watan Agusta na 2017, lokacin da na riga na saba har ina jin daɗin wurin, zazzaɓin cizon sauro ya kama Ummi. Da magariba jikinta ya yi zafi, kafin tsakar dare ta soma sanƙarewa, idanu sun juye. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Babu mota a unguwar, babur ɗaya ne, shi ma da muka kai rafi ya cika ya hau gaɓa, dole muka bar shi. Maigidan ya saɓa ta a kafaɗa ya shiga ruwa har ƙirji, ni ina biye ina riƙe da rigarsa da fitila a ɗaya hannun, ban san abin da bakina yake faɗa ba. Sai da aka yi kiran assalatu muka kai inda ake da ma'aikacin lafiya. Allah ya yi da sauran kwananta. Bayan mako uku irin wannan zazzaɓin ya kama ɗan maƙwabciyata, wadda ta miƙo mini madaɓi, shi bai kai gaɓar rafin ba.

Ranar da na je mata gaisuwa na zauna a kan daɓenta mai sheƙi, wanda ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ɗakinta tsaf, ƙorenta a jere, ba abin da za a koya mata na gyaran gida ko na haƙuri. Wadatar zuci kuwa ta fi ni sau goma. Me ta hana? A nan na gane akwai abin da mutum zai iya rage wa kansa ya ƙaru, akwai kuma abin da in aka rage masa an zalunce shi ne kawai. Kabad da tangaran da kujerun da ba a zama a kai, waɗannan na rabu da su ban mutu ba, har na ji sakayau. Amma hanya, da magani, da ruwa mai tsabta, da makarantar da yaro zai je, duk wanda ya sa su a sahun kayan ƙawa ya ce wa talaka ya yi wadatar zuci, to ko dai bai sani ba ko kuwa yana da riba a cikin shirun. Har hayaƙin icen da na ce yana sa ni hawaye ba abin waƙa ba ne, tari ne da ciwon ido da matan wurin ke fama da su har tsufa. Guga kuma a rijiya mai gaba goma sha biyu, sau shida a yini, wanda ya ce akwai daɗi bai ja ba.

Shi ya sa yanzu nake jin tsoron kalmar a bakina. Da ƙanwata za ta yi aure na ga Hajiyarmu ta sake ɗaura ɗamarar adashe, ga tsufa ga ciwon ƙafa, na kira yarinyar na ba ta labarin akwatina da na madaɓi, na ce ki rage wa tsohuwar nan. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Yaya, ke ai an yi miki kin gani, har kin sayar. Ni so kike a kai ni da tabarma dangin miji su yi ta yi mini gori har in mutu?" Na buɗe baki na rasa ta cewa. Ashe ni ma na zama Toro, ina magana da tsanina a hannu. Iyakar abin da na iya shi ne na karɓi zubi biyu na adashen na ɗauke wa Hajiya, aka kuma rage kujeru saiti ɗaya, shi ma da ƙyar.

Damina uku muka yi a can. A ƙarshen 2018, bayan an sayar da amfanin gona an biya sauran bashi, wani abokin maigidan ya ba shi jari muka dawo birni. Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi murna, ranar da na murɗa famfo ruwa ya zubo sai da na yi hamdala da ƙarfi. Amma da za mu fito daga ɗakin sai da na koma ciki sau biyu wai ko na manta wani abu, alhali ba abin da ya rage sai baƙin fitila a saman alkuki. Ummi kuwa kuka ta yi ta yi tana cewa a mayar da ita gida. Mun yi wata guda a birni tana tambaya yaushe za mu koma gida, kuma ɗakin jinkar take nufi. Gwaggo ta rasu bayan shekara biyu. Ɗakin yanzu wani jikanta ne a ciki da amaryarsa, an ce sun cire jinka sun sa kwano, ban ga laifinsu ba, baibaya duk bayan 'yan shekaru ba wasa ba ce, ga tsoron gobara.

Randar ce kaɗai na taho da ita, a kan cinyata na riƙe ta har Kano. Tana nan a tsakar gidana kusa da ƙofar kicin, ga firji a ciki, amma idan aka ɗauke wuta kowa wurinta yake zuwa.

A bazarar 2022 wata mata ta yi sallama da rana tsaka, da goyo a baya da yara biyu a gefe, irin mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara suka watsu a birane. Abinci ta roƙa. Na zubo mata, na nufi firji in ɗauko ruwa, sai ta ce, "Hajiya, in ba damuwa na randar nan nake so." Na ɗebo mata a moɗa. Ta sha, ta ba yaran, sannan ta matsa ta dafa cikin randar da tafin hannunta ta daɗe ba ta ɗauke ba. Na ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Ta ce, "Irin tawa ce sak, har wuyan. Da yamma na cika ta, da dare suka shigo. Ko faifai ban samu na rufe ta ba."